Bindigar Gorar Maharazu

Maharazu mai faci mutumin Tafoki ne, amma Sheme ta fi saninshi, don a nan ya kafa rumfarshi a bakin titi, tsakanin teburin Abubakar mai shayi da masu sayar da fetur a galan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da faɗa, ba shi da ƙyuya, kuma in ya yi maka faci sai dai tayar ta mutu ta bar facin. Aibinshi guda ne: ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda ya same shi.

Tun yana yaro haka yake. Mahaifinshi, Malam Mamuda, ya taɓa dawowa daga masallaci ya tarar an kwance mashi rediyo, an baje kayan cikin bisa tabarma kamar teburin mahauci. Da aka tambayi Maharazu dalili, ya ce rediyon yana shan batir da yawa, so yake ya ga inda yake kai shi. Rediyon bai sake magana ba. Ranar da Malam Mamuda ya kama shi yana tone masarar da aka shuka don ya ga ko ta fara tsiro, ranar ya haƙura da batun noma, ya ce gona tana son mai haƙuri. Ya kai shi Sheme wurin wani ɗan uwanshi ya koyi faci.

Sana'ar ta karɓe shi. Kunne gare shi na ban mamaki: zai kara taya a gefen fuska ya yi shiru, ya nuna maka inda take yoyo kafin a kawo bahon ruwa. Da ya samu abin hannu ya sayi injin ba da iska, ya auri Suwaibatu, wata 'yar Sabuwa doguwa mai kaifin harshe da tsafta, suka haifi ɗiyarsu Ummi da ƙannenta.

Suwaibatu ba ta zauna haka nan ba. Zoɓo take yi da kunun aya, ta ɗura a gorunan roba na lemo da na ruwa da ake tsinto mata daga tasha, ta wanke su da ruwan zafi da sabulu, ta kife su a rana. Zoɓonta ya yi suna, don ba ta rowar citta da kanumfari, kuma tana jefa ɓawon abarba a tukunya. Gorunan nan su ne jarinta. Kowace tana da ɗigon jan farce a gindi don kada ta ɓace a shagon da ake ajiye mata.

Abin ya faro ne wata damina da ƙwari suka sauka a 'yar gonar waken da Maharazu yake yi a bayan gari. Ya je aron injin feshi ya tarar an riga shi. Maimakon ya jira, sai ya ce ai injin feshi ba komai ba ne illa mazubi da iska, kuma iska ita ce sana'arshi. Ya ɗauki gora guda daga cikin na Suwaibatu, ya haɗa ta da bawul ɗin wata tsohuwar taya, ya ce bari ya gwada ta ba komai a ciki. Ya kafa mata tiyon injin. Gora ta cika ta yi tauri kamar dutse. A nan ya kamata ya tsaya. Amma sai ranshi ya raya mashi ya ga iyakarta.

Ƙarar da ta yi har masallacin Juma'a an ji ta.

To a ƙasarmu, a shekarun nan, ba a jin irin wannan ƙara a tsaya tambaya. Masu shan shayi suka tashi da benci, kowa ya ce ƙafa mi na ci ban ba ki ba. Wani direban Ƙanƙara ya ja mota ƙofa a buɗe, rabin fasinjanshi suna ƙasa. Masu awara suka bar kasko a wuta. Abubakar mai shayi ya shige ƙarƙashin teburinshi da butar a hannu, don ya ce ko mutuwa ce ba ya barin ta. Da aka ji shiru, aka fara leƙowa ɗai-ɗai, sai aka ga Maharazu tsaye a rumfarshi da tiyo a hannu, baki har kunne.

"Iska ce fa kawai," ya ce. "Wallahi ba komai ciki sai iska."

Ya sha zagi ranar, kuma ƙwari suka cinye waken, don bai sake tunawa da feshi ba. Hankalinshi ya koma kan gora. Da yamma in ya tashi daga aiki sai ya ɗaure famfon hannu a bayan keke ya tafi fadama, inda ba zai firgita kowa ba. Ya yi dogon tiyo, ya riƙa ajiye gorar bayan wani tsohon suri, shi kuma ya ja baya ya yi ta bugu. Ya zo ya san halin kowace: wata ta yi tari kawai ta mutu, wata ta yi ruri kamar hadari. In yana ba da labarinsu a teburin shayi sai ka ce mai kiwon tattabaru ne yake yabon tsuntsayenshi.

Masu shinkafa a fadama suka ce ya taimaka ya kore masu tsuntsaye. Da farko abin ya yi aiki. Daga baya tsuntsayen suka gane, in gora ta fashe sai su tashi kaɗan su sauka kusa da shi, kamar sun zo kallo. Samari kuwa suka sa wa abin suna bindigar gora, yara suka riƙa bin shi fadama, yana kora suna dawowa.

A gida Suwaibatu ta rasa inda gorunanta suke tafiya. Ta zargi mai shago, ta zargi yaran maƙwabta, har ta daina gaisawa sosai da maƙwabciyarta Larai. Sai ranar da take wanki ta zaro wani yagaggen gindin gora daga aljihun wandon Maharazu, ga ɗigon jan farcenta a jiki. Ta ajiye mashi shi kusa da kwanon tuwo. Ya yi ta bayani, ya ce bincike yake yi, abin da yake nema ya kusa fitowa, wata rana sai an zo daga Katsina kallo. Ta bari ya gama tsaf.

"Baban Ummi," ta ce, "iskar nan da kake ɗura wa gorunana, ina jin ta fara shiga kanka."

Washegari ta je ta ba Larai haƙuri, ta kuma kwashe gorunan da ba komai a ciki ta kai ajiya ɗakin Larain.

Mai unguwa ma ya aiko a kira shi. Dattijo ne mai sanyin magana, ya tuna mashi cewa an hana harba bindiga da wasan wuta a gari, ko a biki ko a salla, saboda halin da ake ciki. Maharazu ya durƙusa ya ce Allah ya ja zamanin Baba, amma shi ba shi da bindiga, ba albarushi, ba ashana, iska ce wadda Allah ya ba kowa kyauta, kuma bai ji an ambaci iska a cikin sanarwar ba. Mai unguwa ya jujjuya carbi, don gaskiya ba a ambata ba. Can ya ce to ko mi ne ne sunanta kada a sake jin ta cikin Sheme, ya ƙara da cewa in kunne ya ji jiki ya tsira. Maharazu ya ce ya ji. Abin da ya riƙe daga maganar dai shi ne an ce cikin Sheme.

Bayan kaka sai ga Alhaji Harisu a rumfarshi. Babban mai sayen masara ne a kasuwar Ƙanƙara, gidanshi yana wani ƙauye a kan hanya, kuma zai aurar da babban ɗanshi Muhammad Awwal. Alhaji mutum ne mai son a san ana yi. Ya ce lokacin nashi auren maharba sun yi ta sakin bindiga har kajin garin suka daina ƙwai, yanzu kuwa sai a ɗaura aure shiru kamar ana zaman makoki. Ya ji labarin bindigar gora, kuma ƙauyensu ba cikin Sheme yake ba. Maharazu ya ce a dai sanar da baƙi tun da wuri. Alhaji ya ce wannan ba matsala. Ya sanar da na kusa da shi, ya manta da na Faskari da na Sabuwa.

Ranar Asabar ɗin ɗaurin auren da safe Maharazu ya nemi goruna a gida ya rasa. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan randa. A rumfa ya samu 'yan ƙanana biyu da fasinjoji suka yar. Ya san waɗannan ba za su fitar da shi kunya ba. Yana cikin zagaye tsakar gida, Suwaibatu tana bayi, sai idonshi ya faɗa kan kular da take sanyaya zoɓo. A ciki akwai wata babbar gorar lemo mai kauri, cike da zoɓon da aka yi odarshi don wani suna. Ya tsaya ya dube ta kamar yadda mahauci yake duban rago. Ya saka ta a buhu ya fita da sanɗa.

A hanya ya sha abin da zai iya, ya ba ɗan acaɓan da ya ɗauke shi ya sha, amma har suka isa ba ta yi rabi ba. Zubarwa kuwa almubazzaranci ne. Sai ya ce ai ma ya fi, in ta fashe za ta yi feshi ja a sama, a samu ƙara a samu ado.

Aka ɗaura aure da hantsi a ƙofar gidan Alhaji, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗauki lasifika ya ce jama'a a saurara, Alhaji Harisu ya zo da abin da ba a taɓa gani ba. Maharazu ya ajiye gora ta farko bayan wani turmi da aka kife a gefen fili, ya ja tiyo ya koma nesa, ya fara bugu. Gorar ta ce fus, kamar tsoho ya yi atishawa. Ta biyu ma murfinta ne ya zame, ta yi 'yar tsuwwa ta kwanta. Aka fara dariya. Wani daga cikin abokan ango ya ce ko a kawo mashi balan-balan. Alhaji Harisu, cikin farar shaddarshi sabuwa fil mai aiki har ciki, ya ɗaure fuska.

Maharazu ya ciro babbar. Ya haɗa ta da kyau, ya koma wurin famfo. Ya buga, ya buga, ya cire hula ya ajiye, ya ci gaba. Gumi ya jiƙa mashi riga. Gora ta ƙi. Jama'a suka fara tafa mashi daidai da bugun famfon. Can sai kunnenshi ya jiyo wani ɗan sauti siriri daga bayan turmi, irin wanda ya saba ji a taya. Yoyo take yi. Abin da ya yi shekara da shekaru yana yi a rumfa shi ya yi ba tare da tunani ba: ya saki famfo, ya taka har wurin, ya tsuguna ya kara kunnenshi na hagu a jikin gorar. Alhaji ya taso ya bi shi don ya faɗa mashi magana a asirce kafin mutuncinshi ya gama zubewa. Shi kuwa abokin angon nan, ganin famfo a yashe, ya ce bari ya taimaka wa bawan Allah, da ganin shi ya gaji. Ƙato ne, ɗan dako a kasuwar hatsi. Ya danna da ƙarfinshi duka.

Waɗanda aka sanar da waɗanda ba a sanar ba, tare suka gudu. Ango ya haye katangar maƙwabta ya bar takalmi guda. Maroƙi ya ruga da lasifika a baki yana salati, duk ƙauyen suna jin inda ya nufa. Mata a cikin gida suka kife tukunyar shinkafa. Tumakin da aka ɗaure a gindin bedi suka tsinke igiya suka bi jama'a.

Da masu ƙarfin hali suka dawo, sun tarar da Maharazu kwance rigingine, ja tun daga kai har gwiwa. Kusa da shi Alhaji Harisu yana zaune dirshan a ƙasa, yana duban ƙirjinshi. Farar shadda ta rine. Ya ɗaga yatsa ya yi kalmar shahada a natse, ya ce a kira mashi iyali.

Aka zuba su biyun a motar haya sai asibiti a Ƙanƙara. Hanyar nan ba ta da kyau, duk ramin da aka faɗa sai Alhaji ya yi nishi ya ce lokaci ya yi. Ya yafe wa matanshi, ya yafe wa ango, ya yafe wa direba. A motar akwai Alhaji Adnan, abokin hamayyarshi a kasuwa, wanda suka daɗe ba sa ga-maciji tun wata rigimar rumfa, ya zo ɗaurin auren ne kawai don kada a ce bai zo ba. Alhaji Harisu ya kama hannunshi ya ce ya yafe mashi duniya da lahira, rumfar ma ya bar mashi. Alhaji Adnan ya fashe da kuka. Maharazu dai yana kwance, idonshi a rufe.

A asibiti malamin jinya ya sa almakashi ya tsarge shaddar Alhaji daga wuya har ƙasa. Ya duba ƙirji, ya duba ciki, ya juya shi ya duba baya. Ko ƙwarzane babu. Ya shafa jan da yatsa ya sansana, ya tambayi Alhaji ko yana da ciwon suga, don in yana da shi kada ya lasa. Alhaji ya tashi zaune ya dubi rigarshi a tsarge, ya dubi Alhaji Adnan da yake share hawaye, ya nemi a miƙo mashi hularshi.

Na Maharazu kuwa ba zoɓo ne duka ba. Da aka wanke shi aka ga wani ɓallin roba ya yanke shi a saman gira, sai da aka yi ɗinki. Murfin gorar mai bawul ya same shi a baki ya tafi da haƙorin gaba. Kunnen hagu yana fitar da jini. Malamin ya ce da yankan ya sauko da faɗin yatsa guda da idon ya tafi. Ya ce roba in ta fashe da iska a ciki reza take komawa, kuma ba mai iya sanin yaushe za ta fashe ko ina za ta nufa, ko da wanda ya ɗura mata iskar ne.

Kafin la'asar labari ya isa Sheme, kuma ya yi ƙiba a hanya. Suwaibatu ta zo da mayafi a karkace, Larai tana riƙe da ita, tana kuka tana cewa ita ta yi mashi baki. Aka miƙa mata kayanshi a leda. Ta rungume ledar tana kuka, sai kukan ya fara raguwa. Ta buɗe ta sa hanci. Citta, kanumfari, da ɗan ƙamshin abarba.

"Larai," ta ce a hankali, "wannan ai zoɓon sunan gidan Malam Muslim ne."

Ta shiga ɗakin da yake kwance da niyyar ta faɗi abin da ke bakinta, ta kuwa fara. Maharazu yana kallon leɓɓanta suna motsi, ba ya jin komai sai wani kuka kamar na gyare a cikin kanshi. Ya ce ta ɗaga murya. Ta ɗaga. Ya sake cewa ta ɗaga. A nan tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya tuna da kunnen nan yake cin abinci. Ya tuna yaran da suke bin shi fadama, yadda suke matsowa kusa da suri in ya juya baya, wasunsu tsayinsu bai kai na surin ba. Hawaye ya gangaro ta gefen bandeji. Suwaibatu ta zauna a bakin gado ta goge mashi da gefen mayafi, ta ajiye sauran maganar sai ya warke. Ba ta manta ba, ta dai ajiye.

Kunnen dama ya dawo a hankali. Na hagu bai dawo ba har yau.

Mai unguwa ya zo duba shi gida, ya yi mashi sannu, bai tuna mashi komai ba. Sai dai a sanarwar salla ta gaba an ji mai shela yana cewa an hana bindiga, an hana wasan wuta, an hana iska a gora. Baƙi ba su gane ba, 'yan gari suka yi ta dariya. Alhaji Harisu ya so ya janye yafiyar da ya yi a mota, amma a gaban shaidu ya yi ta, liman ya ce ba ta janyuwa. Yanzu shi da Alhaji Adnan tare suke cin abinci ranar kasuwa, yana ci yana harararshi. Suwaibatu ta sake dafa wa gidan Malam Muslim zoɓo ta kai da ban haƙuri, Maharazu kuma ya zama mai wankin goruna kullum da safe kafin ya fita. Kasuwarta ma ta ƙaru, don matafiya sukan tsaya a shago su ce a ba su irin wanda ya kayar da Alhaji.

Yara sun so su gaji sana'ar da famfon keke. Duk wanda ya zo rumfa neman tsohon bawul, Maharazu yakan zaunar da shi, ya buɗe baki ya nuna mashi giɓi, ya ɗaga hula ya nuna tabo, sannan ya ce ya zagayo ta hagu ya faɗi duk abin da ya ga dama. In yaron ya gama, sai ya ce mashi to ka ga ko zagina ka yi ban ji ba, tashi ka tahi gida. Yoyon taya kuwa yanzu a bahon ruwa yake nemanshi kamar kowa.

Direbobi suna ƙorafin cewa ya zama matsoraci wajen ba da iska. Daidai abin da gejin awon iska ya nuna yake tsayawa. Kwanan baya wani direba da ya ɗoro buhunan masara har saman mota ya tsaya, ya daki tayar da ƙafa ya ce a ƙara kaɗan. Maharazu ya ce ta isa. Direba ya ce motarshi ce, ya san abin da take ɗauka, a ƙara. Maharazu bai yi musu ba. Ya miƙa mashi tiyon, ya taka a hankali ya zagaya bayan teburin Abubakar mai shayi ya tsuguna, ya toshe kunnen dama da yatsa. Masu shan shayi suka dubi juna, suka ɗauki kofunansu suka bi shi. Direban ya tsaya shi kaɗai a rana da tiyo a hannu, ya dubi tayar, ya dubi kawunan da suke leƙowa ta bayan tebur, ya ce shi ma dai yana ganin ta isa.